Injin Tauna: Tarihin Gwajin Ƙarkon Kayan Gyaran Haƙori

Duk abin da likita ya sa a baki a madadin haƙori, ciko ne ko hula ko dashe, zai zauna a wurin da ba ya bushewa, mai ɗumin digiri 37, inda shayi mai zafi da ruwan ƙanƙara ke wucewa a yini guda, kuma ana danna shi sau ɗaruruwa a kowane cin abinci. Gwajin ƙarkon irin waɗannan kaya sana'a ce da ta tashi domin a san abin da zai daɗe a baki tun kafin a sa shi a bakin jama'a. Hanyoyinta sun sauya sau da yawa cikin shekara 130 da suka wuce, kuma kusan kowane sauyi ya biyo bayan wani abu ne da ya yi zarra a teburin gwaji, ya shiga baki ya ba da kunya.

Awon farko da aka rubuta, na ƙarfin cizo ne. Giovanni Borelli, masanin lissafi ɗan Italiya, ya ɗora igiya a kan turamen muƙamuƙin ƙasa, wato haƙoran tauna na baya, ya rataya mata nauyi, ya sa mutum ya rufe baki ya ɗaga. A littafinsa kan motsin dabbobi, wanda aka buga a 1680 da 1681 bayan rasuwarsa, nauyin ya kai kusan kilo 200. Wannan awo ya zauna fiye da shekara 200 ba wanda ya ɗora wani abu a kansa, domin masu gyaran haƙori na lokacin da ido da hannu suke aiki.

Abin da ya tilasta awo shi ne amalgam, haɗin garin azurfa da zaiba. A 1826 Auguste Taveau na Faris yana kankare kuɗin azurfa ya kwaɓa da zaiba ya cike ramin haƙori. A 1833 wasu 'yan'uwa masu suna Crawcour suka kai irin wannan haɗi birnin New York, suka yi ta tallarsa a matsayin madadin zinariya mai araha. Ciniki ya buɗe musu, sai dai haɗin nasu yakan kumbura bayan ya daskare, ya tsaga haƙori ko ya tuɗo sama ya hana baki rufuwa. Manyan likitoci, waɗanda da zinariya suke ciko, suka yi caa a kansa. A 1845 ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa ta farko a Amurka ta wajabta wa 'ya'yanta sa hannu a takardar alkawarin ba za su taɓa amalgam ba, wanda ya ƙi a kore shi. An janye dokar a 1850, ƙungiyar kuma ta watse a 1856. A tsawon wannan rikici ba ɓangaren da ya kawo adadi ko ɗaya. Masu so suna nuna haƙoran da suka tsira, masu ƙi suna nuna waɗanda suka fashe, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa, tunda kowane likita da irin kwaɓinsa.

Greene Vardiman Black, likitan haƙori a jihar Illinois wanda aka haifa a 1836, shi ne ya mayar da gardamar lissafi. Ya ƙera na'urar da mutum zai ciza ta nuna ƙarfin muƙamuƙinsa, ya samu matsakaicin cizo mafi ƙarfi a turame kusan kilo 77. Ya ƙera wata mai haƙoran ƙarfe da yake sa mata nama da sauran abinci domin ya ga nauyin da ake bukata kafin loma ta dagargaje. Sannan ya yi ta kwaɓa amalgam iri-iri, yana sauya yawan azurfa da kuza, yana zubawa a ƙananan ramukan ƙarfe, yana auna kumburi ko tsukewarsu da ma'auni mai tsananin daidaito. Sakamakon ya fito a mujallar Dental Cosmos a 1895. Ya nuna cewa azurfa kan sa haɗin ya kumbura, kuza kan sa ya tsuke, kuma idan azurfa ta kai kusan kashi biyu cikin uku, kuza kusan rubu'i, ɗaya yakan kashe aibin ɗaya. Ya kuma lura da abu biyu da masu saye ba su sani ba. Garin da aka kankare yau ba ya aiki kamar wanda ya kwana watanni, don haka sai an gasa shi kaɗan halinsa ya daidaita. Na biyu, amalgam da aka ɗora wa nauyi aka bari yakan baje a hankali ko da bai fashe ba. Wannan lura ta biyu sai da ta jira shekara 75 kafin a gane nauyinta.

Aikin Black na mutum ɗaya ne. Hukuma ta shigo ne ta ƙofar soja. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, babban likitan rundunar sojan Amurka ya nemi Hukumar Ma'aunai ta Ƙasa da ke Washington ta tsara masa ƙa'idar sayen amalgam, domin gwamnati tana saye da yawa kuma ba ta da abin dogaro sai bakin 'yan kasuwa. Aka ba Wilmer Souder aikin. Shi masanin kimiyyar lissafi ne, bai taɓa cike haƙori ba, kuma wannan ya taimaka masa: ya ɗauki amalgam kamar yadda zai ɗauki ƙarfen gada. Ya yi amfani da na'urar da ke auna tsawo da hasken fitila, mai iya ganin sauyin da bai kai maikron ɗaya ba, maikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rahotonsa ya fito a 1920. Daga 1922 wani kamfanin bincike mai zaman kansa ya riƙa biyan albashin masu taya shi, a 1928 kuma Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta karɓi nauyin. Daga wannan ɗaki ƙa'ida mai lamba 1 ta fito, ta amalgam, sai na zinariya da siminti da kakin awo suka biyo baya. George Paffenbarger, wanda ya shiga aikin a 1929, ya yi shekaru da dama yana jagorantarsa.

Wani ciwo da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai a nan aka warware shi. Mutum yakan dawo bayan mako guda ko fiye da ciko yana yi masa zogi, ga shi ya tuɗo daga ramin. A 1942 Schoonover da Souder da Beall suka nuna cewa idan amalgam mai tutiya ya taɓa danshi lokacin kwaɓawa ko dannawa, tutiyar takan haɗu da ruwan ta haifar da iskar haidurojin a cikin cikon. Kumburin ba ya farawa sai bayan kwana uku zuwa biyar, yana iya ci gaba watanni, ya kai kashi 4 cikin 100. Danshin kuwa sau da yawa gumin tafin hannun likita ne, domin al'adar lokacin ita ce a murza amalgam a tafi kafin a danna shi. Gwajin awa 24 da ƙa'ida ta tanada ba zai taɓa ganin wannan ba. Shi ya sa har yau ake koya wa ɗalibai kada hannu ko yawu ya taɓa kwaɓin.

Kayan aiki sun ƙaru a wannan zamani. A 1939 Frederick Knoop, a hukumar ma'aunan dai, ya fito da hanyar auna tauri da tsinin lu'ulu'u wanda ke barin ɗan tabo siriri, har ana iya gwada shi a kan yankin haƙori. Da shi aka samu cewa farin ɓawon haƙori yana da tauri kusan 340, ƙashin da ke ƙarƙashinsa kusan 70. Kamfanin Instron, wanda aka kafa a 1946, ya yawaita injin da ke ja ko danna abu da saurin da aka zaɓa yana rubuta nauyin. Nan da nan gwajin murƙushewa ya zama sarkin gwaje-gwaje: a yi ɗan gungumen amalgam mai kaurin milimita 4 da tsawon milimita 8, a danna shi har ya tarwatse, a rubuta adadi. Gwaji ne mai sauƙi, adadinsa babba, kuma yana da daɗin bugawa a takardar talla.

Matsalar ita ce ciko ba ya mutuwa ta murƙushewa. Abin da likitoci ke gani a baki shi ne gefen ciko yana ɓantarewa kaɗan-kaɗan, wani ɗan kwari ya buɗe tsakaninsa da haƙori, abinci ya riƙa maƙalewa, ruɓa ta koma. David Mahler na makarantar haƙori ta Oregon ya yi abin da ba a saba ba: ya sa amalgam iri-iri a bakin mutane, ya riƙa ɗaukar hotonsu lokaci-lokaci, ya jera su daga mai kyan gefe zuwa mai muni, sannan ya koma ɗakin gwaji ya nemi adadin da ya dace da wannan jeri. Sakamakon da shi da abokan aikinsa suka buga a 1970 ya nuna ƙarfin jure murƙushewa bai faɗi komai game da ɓantarewar gefe ba. Abin da ya dace da jerin shi ne bajewar nan ta sannu da Black ya gani. Daga nan aka tsara gwajin da ake yi har yau: a bar gungumen ya kwana bakwai ya gama daskarewa, a ɗora masa matsi na megafaskal 36 a ɗumin jiki, a auna yadda ya gajarta tsakanin awa ta farko da ta huɗu. Matsin kusan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da zai fasa shi. A daidai lokacin, amalgam mai yawan jan ƙarfe da Innes da Youdelis suka haɗa a Kanada a 1963 ya fara yaɗuwa. Jan ƙarfen yana kama kuzar, ya hana ta haɗuwa da zaiba, haɗin da shi ne ɓangare mafi rauni kuma mafi saurin tsatsa a tsohon amalgam. Bajewar sabon ta sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100, gefensa kuma ya riƙa daɗewa. Daga baya an ga cewa tsakanin amalgam masu jan ƙarfe, gwajin bajewa ba ya ƙara bambance nagari da mugu. Duk da haka aikin Mahler ya kasance misali mafi tsabta a tarihin fannin na gwajin da aka zaɓa saboda baki ya gaskata shi.

Farin ciko ya kawo sabon ciwon kai. Michael Buonocore ya nuna a 1955 cewa idan aka ɗan ci ɓawon haƙori da asid, roba takan manne masa. Rafael Bowen, a ɗakin binciken Washington ɗin nan, ya haɗa wata roba da garin gilashi, ya samu takardar mallakar fasaha a 1962. Abin ya yi kama da haƙori, kuma a injin murƙushewa ya nuna ƙarfi mai kyau. Da aka sa shi a turame a farkon shekarun 1970, sai ya riƙa cinyewa. Robar da ke tsakanin ƙwayoyin gilashin takan zaizaye, ƙwayoyin su fice, cikin shekara biyu ko uku cikon ya zama kwano. Asarar takan kai maikron 100 ko fiye a shekara, alhali ɓawon turmi na asali yana rasa kusan 30. Ba injin da ke akwai a lokacin da ya hango haka, sai aka shiga ƙera injinan goga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi karɓuwa shi ne na makarantar haƙori ta Amsterdam, wanda De Gee da abokan aikinsa suka bayyana a 1986. Ƙafafu biyu ne ke juyawa suna gugar juna, ɗaya ɗauke da kayan gwaji, suna nutse cikin kunun shinkafa da ƙaiƙayin gero. An zaɓi ƙaiƙayin ne domin kaushinsa yana cin ciko kusan yadda abinci mai ɓawo ke yi a baki. Injin Oregon na 1996 da 'ya'yan fure na fofi yake aiki, na Alabama kuma da ƙananan ƙwallayen roba.

Akwai kuma darasin da aka aro daga layin dogo. A 1842 gatarin wani jirgin ƙasa ya karye kusa da Versailles a Faransa, mutane da dama suka mutu. A shekarun 1850 da 1860 injiniyan Jamus August Wöhler ya riƙa juya sandunan ƙarfe ƙarƙashin nauyi sau dubban ɗaruruwa, ya tabbatar cewa ƙaramin nauyi mai maimaituwa yana karya ƙarfen da babban nauyi guda bai karya ba. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san wannan gajiya. Tauna ta yau da kullum ba ta cika wuce kilo 10 zuwa 15 ba, amma ba ta tsayawa. A 1983 Ralph DeLong da William Douglas na Jami'ar Minnesota suka gina bakin wucin gadi mai aiki da matsin mai, wanda ke sauka ya danna, ya goga gefe, ya ɗaga, kamar muƙamuƙi, cikin ruwa mai ɗumin jiki. Da suka kwatanta cinyewar da ya yi da ta bakin mutane, suka ƙiyasta cewa tauna 250,000 ita ce shekara guda. A 1990 Ivo Krejci da Felix Lutz na Zurich suka fito da nasu tsarin: nauyin kilo 5, bugu miliyan 1.2, ana sauya ruwa tsakanin digiri 5 da 55, a ɗauka shekara biyar ke nan. Injin yakan gama wannan cikin mako guda da 'yan kwanaki. Adadin ya zama kamar doka a mujallun fannin, ko da yake ƙiyasi ne da ya fito daga 'yan kayayyaki kaɗan, kuma mai cizon haƙora cikin barci yana iya yi wa ciko aikin shekara cikin watanni. A 2005 Siegward Heintze da abokan aikinsa suka aika kayan ciko iri goma ɗakunan gwaji masu injin goga iri biyar. Jerin da kowane inji ya bayar ya sha bamban da na sauran, abin da ya zo na gaba-gaba a nan yana iya zama na baya a can.

Tangaran da nasa hali. Alan Griffith ya bayyana a 1921 cewa gilashi yana karyewa ne daga ƙaramar tsaga mafi muni da ke jikinsa, don haka guda biyu daga tukunya ɗaya ba sa zama da ƙarfi ɗaya. Waloddi Weibull na Suwidin ya ba da lissafin wannan bambanci a 1939, shi ya sa mai gwada tangaran ɗin haƙori yakan karya samfuri 30 ko kusa da haka, ya fi damuwa da tazarar da ke tsakaninsu fiye da matsakaici. Ruwa ma yana tsawaita tsaga a hankali ko da nauyin bai kai na karyewa ba. Duk da wannan sani, an daɗe ana gwada hular tangaran ta hanyar manna ta a kan gunkin haƙori a danna ta da ƙwallon ƙarfe har ta fashe, a samu nauyin da ya wuce abin da muƙamuƙin mutum zai iya. A 1999 Robert Kelly ya kwatanta irin wannan fashewa da hulunan da suka karye a bakin mutane. A ɗakin gwaji tsagar tana farawa daga sama, inda ƙwallon ya taɓa, hular ta tarwatse gutsi-gutsi. A baki kuwa daga ciki take farawa, ta fuskar da ke manne da siminti, ta rabe hular biyu. Injin yana auna wata irin karyewa ce dabam. Tun daga nan karanta fuskar abin da ya karye da madubin ƙara girma, a bi layukan tsaga zuwa tushenta, ya zama ɓangare na aikin.

Zakoniya, tangaran ɗin da masu bincike a Ostareliya suka nuna a 1975 cewa yana iya toshe tsagar kansa, ya kai ƙarfin megafaskal 1,000, ninki goma na tsohon tangaran. Ya zo da mamaki biyu. A wajajen 2001 ɗaruruwan kawunan ƙugu na wucin gadi da aka yi da shi a Faransa suka karye a jikin mutane, aka gane cewa danshi na iya lalata fuskarsa a hankali. Yanzu akan dafa samfuri a tururi mai digiri 134 na awa biyar domin a tsufar da shi kafin gwaji. A baki kuma ƙashin zakoniyar bai cika karyewa ba, tangaran ɗin ado da ake shafa masa ne ke ɓallewa. Zakoniya ba ta saurin sakin zafi, don haka idan aka fitar da hula daga murhu ta huce da sauri, wani ɗauri yakan maƙale a cikin rufin. Maganin shi ne hucewa a hankali, ko a sassaƙa hular daga zakoniya zalla.

Kwamitin haƙori na hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, wanda aka kafa a 1962, shi ke riƙe da ƙa'idojin da yawancin ƙasashe ke bi. Ta farin ciko, mai lamba 4049, ta ce a yi sanda mai tsawon milimita 25 da kaurin 2, ta kwana cikin ruwa mai digiri 37, a ɗora ta a kan maƙalai biyu a danna tsakiya. Wadda za a sa a wurin tauna sai ta kai megafaskal 80. Ta dashen haƙori, mai lamba 14801, ta fi tsanani. Ana kafa ƙusar titaniyam a karkace da digiri 30, a bar milimita 3 a waje kamar ƙashin muƙamuƙi ya janye, a buga ta sau miliyan 5 a iska, bugu 15 a daƙiƙa, aikin kusan kwana huɗu, ko sau miliyan 2 cikin ruwa, bugu 2 a daƙiƙa, aikin kwana 12. Ƙa'idar da kanta ta faɗi cewa kwatanta dashe da dashe take yi, ba ta hasashen shekarun da zai yi a jiki.

Hasashen shekaru yana hannun binciken asibiti, wanda Gunnar Ryge da John Cvar suka tsara wa ma'aunin duba ciko a baki a 1971. Irin wannan bincike yana cin shekara biyar zuwa goma, kuma sau da yawa kafin a buga sakamako kamfani ya sauya haɗin ko ya daina sayar da shi, abin da ke sa nauyin tacewa ya koma kan injina. Nauyin ya ƙaru tun Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta bukaci ƙasashe su rage amfani da zaiba, da kuma haramcin amalgam da Tarayyar Turai ta fara aiki da shi ranar 1 ga Janairun 2025. Daga cikin abin da ake sa wa injinan tauna a yau akwai farin ciko da simintin gilashi, ana neman wanda zai jure a turame, ya yi araha, kuma ya manne ko da ba a iya busar da ramin sosai ba, kamar yadda yake faruwa a ƙananan asibitocin da ba su da injin tsotsar yawu.